Asalin Soyayyen Naman Sa na Mutanen Texas

A jihar Texas, can kudancin ƙasar Amurka, akwai wani abinci da ake karya kumallo da shi, wanda in baƙo ya gan shi a faranti sai ya rantse kaza ce, alhali kuwa naman sa ne tsantsa, suyar kaza kawai aka yi masa.

Mafi rinjayen zance shi ne asalinsa daga Jamusawa yake, waɗanda suka yi ƙaura zuwa Texas, suka kafa garin New Braunfels a 1845 da Fredericksburg a 1846. Sun zo da al'adar kakanninsu ta buga naman maraƙi har ya yi fale-fale, a tsoma shi cikin ƙwai da garin burodi, a soya. To, da yake ƙasar da suka tarar ta manyan shanu ce masu dogayen ƙahoni, waɗanda yawon kiwo ya sa namansu tauri, sai matan gida suka yi hikima: su yanko tsokar cinya mai araha, su daddake ta da guduma har jijiyoyinta su saki, su birkita ta cikin fulawa da gishiri da masoro, sa'an nan su sake ta cikin tafasasshen mai a kaskon ƙarfe. Ko ragowar man ba a zubarwa, sai a zuba masa fulawa da madara, a dama har ya zama farin romo mai kauri, a kwarara bisa naman, a haɗa da ƙwai da dankali.

Amfaninsa ga jiki ba ɓoyayye ba ne, domin naman sa yana gina tsoka, yana kuma ƙara jini saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Amma fa don makiyayi da manomi aka yi shi, masu wuni cikin rana suna zubar da gumi. Wanda sana'arsa ta zama ce, in ya lazimce shi kullum, maiƙo da gishirinsa sai su zame masa cuta. Musulmin da ya je can kuma ya kyautu ya tambayi irin man, don wasu da kitsen alade suke suya.

A 1988 jihar Oklahoma ta sa wannan soyayyen nama cikin abincinta na hukuma, a 2011 kuma majalisar Texas ta keɓe masa ranar 26 ga Oktoba. Abin da larura ta koya wa talaka, yau ga shi sarakunan ƙasa na alfahari da shi.