Daga Zauren Intanet Zuwa Titin Dhaka: Labarin Mukto-Mona

Idan kana zaune a Landan ko Jidda ko Kumasi, ka san yadda waya ke sa mutum ya ji kamar bai bar gida ba. Ka yi rubutu da daddare, kafin gari ya waye 'yan unguwarku sun karanta, har sun fara musu a kai. To bari in ba ka labarin wasu da suka riga mu gane ƙarfin wannan abu, suka kuma biya kuɗinsa da tsada.

A shekarar 2001 wani injiniya ɗan Bangladesh mai suna Avijit Roy ya buɗe wani zauren tattaunawa a intanet, ya sa masa suna Mukto-Mona, wato tunani mai 'yanci. Masu taruwa a wurin akwai waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, da masu shakka, da masu son kimiyya kawai. Da yawansu 'yan ci-rani ne irinmu. Shi kansa Roy daga baya a Atlanta ta Amurka ya zauna. Abin da ya ba zauren ƙarfi shi ne da harshen Bengali suke yawan rubutu, harshen da talakan garinsu ke ji. Da farko ba a kula su sosai ba, don masu kwamfuta ƙalilan ne. Da Facebook ya yaɗu, waya ta yi araha, sai maganar ta fito kasuwa.

Abin ya dagule a Fabrairun 2013. Matasa suka cika dandalin Shahbag a Dhaka, suna neman a yanke hukuncin kisa ga waɗanda aka samu da laifin ta'asa a yaƙin neman 'yancin ƙasar na 1971. Marubutan intanet ne suka kira taron, su kuwa 'yan ɗaya ɓangaren suka ce ai duk mulhidai ne. Ranar 15 ga watan aka kashe ɗaya daga cikinsu, Ahmed Rajib Haider, kusa da gidansa. Sai jerin sunayen marubuta 84 ya fara yawo, a watan Afrilu kuma gwamnati ta kama guda huɗu bisa zargin ɓata wa masu addini rai.

Roy ya san ana yi masa barazana, amma a 2015 ya koma gida don bikin baje kolin littattafai da ake yi a Dhaka duk watan Fabrairu. Daren 26 ga wata, yana fitowa tare da matarsa Rafida Ahmed Bonya, wasu suka far musu da adduna a bakin titi, jama'a na gani. Ya mutu a daren, ita kuma ta tsira da munanan raunuka, har ta rasa babban yatsa. Kafin shekarar ta ƙare an kashe Washiqur Rahman, da Ananta Bijoy Das, da Niloy Neel, da mai wallafa littafin Roy, Faisal Arefin Dipan. Sai a Fabrairun 2021 kotu ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a kan kashe Roy.

Kar ka ce wannan labarin nesa ne. Mu ma mun ga namu. A 2014 iyalan Mubarak Bala suka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Kano bayan ya ce ya bar addini, kuma ta waya ya sanar da duniya halin da yake ciki. A Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna saboda rubutunsa na Facebook. A 2022 kotu a Kano ta ɗaure shi shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su biyar a 2024, aka sake shi a shekarar.

Ni dai ba na tare da mutanen nan a aƙida, kuma na san zafin da mutum ke ji idan aka taɓa masa addini. Amma ka duba abin da ya faru: addar da aka sara wa Roy ba ta rufe Mukto-Mona ba, sai ma ta kai sunansa inda bai taɓa zuwa ba. Mubarak kuwa ɗaurin ya ƙara sa jaridun Turai suka san shi.

Ga inda abin ya shafe mu. Yaranmu da ke tasowa a ƙasashen nan suna karanta irin wannan muhawara a wayoyinsu, ko mun so ko mun ƙi. Wata rana ɗanka ko 'yarka zai zo maka da tambayar da za ta girgiza ka. Idan tsawa ya samu, wallahi ba zai daina tambaya ba, kai ne kawai zai daina tambaya, ya koma wurin baƙi a intanet. Ka zaunar da shi, ka ji shi har ƙarshe. Abin da ka sani ka faɗa masa, wanda ya fi ƙarfinka ku je wurin malami mai haƙuri tare.