Malam, Ya Ƙi Yi

"Malam, ya ƙi yi." Da za a tara maganganun da ɗalibai suka faɗa mini a shekara talatin ɗin da na shafe ina koyar da rubuta manhajar kwamfuta, wannan ce za ta rinjayi sauran. Da can takarda ake miƙo mini a faɗe ta, daga baya disket, sannan filashi, yanzu kuwa hoton allon laftof ake turo mini ta WhatsApp da sha ɗayan dare. Abin da ake miƙowa ya sauya, amma fuskar mai miƙowar tana nan yadda na san ta: yaro ya kwana a kan layi goma sha biyar, na'ura ta ce ba ta gane ba, ga shi gobe ne ranar miƙa jinga.

Sana'ar tamu ba tsohuwa ba ce a ƙasar nan, ana iya ƙirga kakanninta da yatsu. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan, shekara shida kacal bayan John Backus da abokan aikinsa sun fito da harshen FORTRAN a 1957. A Arewa kuwa Zariya ce uwa ma ba da mama. Yawancin malaman da suka koyar da mu sun fara ganin na'ura ne a cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya taɓa shugabantar jami'ar. A lokacin ilmin kwamfuta ɗan riƙo ne a gidan sashen lissafi, shi ya sa jingar farko da ake ba kowa ba ta wuce nemo saiwar lissafin kwadaratik ko jera lambobi daga ƙarami zuwa babba.

Malamanmu sun ba mu labarin zamanin kati. Kowane layi na umarni katinsa daban, a huda shi a inji, a jera, a ɗaure da roba, a ja layi da alƙalami a gefen damin don in ya zube a iya mayar da shi yadda yake. Ni ban riski katin ba, amma na riski magajiyarsa. Da na shiga jami'a a 1988, takardar kodin ake raba mana, mai gurbi tamanin a kowane layi daidai da faɗin katin. Gurbi na 1 zuwa na 5 na lambar layi ne, na 6 na nuna ci gaba daga layin sama, umarnin kansa kuwa daga na 7 zuwa na 72. Harafi ɗaya gurbi ɗaya, da manyan baƙi, sifili kuma a ratsa shi da sanda kada mai bugawa ya ɗauka harafin O ne. Ka miƙa ta taga, ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu ka karɓi sakamako a doguwar takarda mai huji a gefe. Waƙafi ɗaya da ka manta, kwana biyunka ya tafi.

Wannan tsada ita ta koya mana abin da har yau nake ganin shi ne ƙashin bayan sana'ar, wato bin sawu. Kafin ka miƙa takarda sai ka zama kwamfutar da kanka. Ka zana jadawali, kowane mazubi da layinsa, ka bi umarnin ɗaya bayan ɗaya da fensir kana rubuta abin da ke cikin kowanne bayan kowane mataki. Ba don muna da hankali fiye da yaran yanzu muke yin haka ba. Ba mu da wata hanya ne.

Mai taimako kuwa a wancan zamani mutum ne da ake iya nunawa da yatsa. Akwai wata darbejiya a bayan sashenmu inda 'yan aji huɗu ke zama bayan la'asar, mu ƙanana mu zagaye su da takardunmu. Ina tuna ranar da na kai wa ɗaya daga cikinsu kukana. An ce mu rubuta shirin da zai fitar da matsakaicin makin ɗalibai. Na gwada da maki biyu, 67 da 70, ina jiran 68.5, na'ura ta ba ni 68. Sau biyu ina miƙawa, kwana huɗu ke nan, amsar ba ta motsa ba. Na ce, "Yaya, injin nan yana cinye mini rabi." Ya karɓi takardar ya duba, bai taɓa fensir ba. Ya ce, "Wane suna ka sa wa mazubin da ke riƙe amsar?" Na ce MATSAK, tunda FORTRAN ba ya karɓar suna da ya wuce harafi shida. "Na jimlar fa?" Na ce JIMLA. Ya ce, "To, da wane harafi kowannensu ya fara? Je ka duba littafinka, ina nan." A littafin na tarar da dokar da aka faɗa mana a lacca ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu: a FORTRAN duk sunan da ya fara da I, J, K, L, M ko N, in ba ka faɗi akasin haka ba, cikakkiyar lamba kawai yake riƙewa, ba ya ɗaukar ɓurɓushi. Sunayen Hausar da na zaɓa duk sun faɗa cikin tarkon. Da ya ga dama da ya gyara mini cikin daƙiƙa biyar. Tambaya uku ya yi mini, kuma shekara talatin da wani abu ke nan ban sake manta bambancin lambobin nan biyu ba.

Da ƙananan kwamfutoci suka iso, masu DOS da baƙin allo, mun ɗauka wahala ta ƙare. Aka koma GW-BASIC, sannan Turbo Pascal. John Kemeny da Thomas Kurtz sun ƙirƙiro BASIC ne a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964 don ɗalibi ya buga umarni ya ga amsa nan take, Niklaus Wirth kuma ya tsara Pascal a 1970 musamman don koyarwa. Abin takaici, a wurinmu harsunan da aka yi don a taɓa da hannu a kan allon alli suka ƙare. Lokacin da na fara koyarwa a tsakiyar shekarun 1990, ajina ya haura mutum ɗari uku, injunan da ke aiki ba su kai ashirin ba. Ranar da aka ba mu ɗakin kwamfuta NEPA ta ɗauke, ranar da aka kawo wuta wani ajin ke ciki, janareto kuma ba mai. Na san ɗaliban da suka ci kwas ɗin da maki mai kyau ba su taɓa ganin shirinsu ya tashi a na'ura ba. Sun haddace inda ake sa waƙafi mai ruwa a Pascal kamar yadda ake haddace karatun allo, amma ba wanda ya fassara musu.

A nan ne taimako ya fara canza ma'ana. Disket mai ɗaukar megabayit 1.44 ya sa kwafe aikin wani ya fi fahimtarsa sauƙi. Mutum ɗaya ya rubuta, disket ya zaga ɗakunan kwana, ranar Litinin in karɓi jinga arba'in masu kuskuren rubutu ɗaya a wuri ɗaya. A Amurka wani malami, Alex Aiken, ya ƙera manhajar MOSS tun 1994 don gano irin wannan kamanni. Mu da ido muke kamawa, kuma wanda muka kama bai kai wanda ya wuce ba. Daga nan sai shagunan bizines santa da ke bakin ƙofar makarantu suka gano kasuwa. Da Visual Basic 6 da Access, za a haɗa maka aikin kammala digiri sukutum: tsarin biyan albashi, rajistar marasa lafiya, kundin laburare, sai dai ka zaɓa a sauya suna. Na zauna a wani zaman kare kundi inda ɗalibi ya kunna manhajarsa, shafin farko ya buɗe da sunan wata makaranta da ke wata jiha. Ya sunkuyar da kai, gumi na zuba. Na ji haushinsa, amma na fi jin haushin kanmu. Mu muke ba da taken aiki iri ɗaya shekara da shekaru, mu muke haɗa malami ɗaya da ɗalibai talatin ya duba. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Wayar salula ta shigo a 2001, shagunan kafe suka bazu, intanet ta zama malamin dare. Da yake burauzin na kwana ya fi araha kuma ya fi sauri, samari kan tara kuɗi su shiga tun goman dare sai asuba, su fito da misalan Java da C++ a filashi. Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da wannan zamani: ɗalibai mata ba su da rabo a ciki. Wace yarinya ce za ta kwana a kafe? Dole ta jira abin da ɗan ajinsu ya samo, kuma in an gan ta sau uku tana tambayarsa, magana ta tashi. Na ga masu kaifin basira da dama sun janye sun koma haddar lacca saboda wannan kawai. Wayar hannu mai intanet ce ta buɗe musu ƙofar da mu malamai muka kasa buɗewa. Yau ina da ɗalibai mata da ke rubuta Python da babban yatsa a manhajar waya, suna zaune a tsakar gida, ba su taɓa mallakar laftof ba.

Da Stack Overflow ya bayyana a 2008, duniya ta samu darbejiya mai faɗi, sai dai inuwarta ba ta kowa ba ce. Masu amsa a can ba sa ƙaunar wanda ya kwaso jingarsa ya zube, suna so ka nuna abin da ka gwada da inda ka maƙale, kuma a wannan ina bayansu. Amma yaranmu tsoron Turancinsu ya hana su tambaya, sai dai su karanta ta wasu su kwafa. Suka koma wa malaman Indiya a YouTube da zaurukan aji na WhatsApp. A zaman gida na korona a 2020, da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da yawa sun koyi abin da manhajar karatunmu ba ta ma kai gare shi ba, suka dawo suna tambayata abubuwan da sai na je na yi bita.

Duk tsawon wannan lokaci akwai taimakon da ba ya cikin kowace takardar tsarin karatu, shi ne bayani da Hausa bayan an tashi daga lacca. Ɗalibin da ya taso da lissafi, in ya ga X = X + 1, sai ya ce ƙarya ne, ta yaya abu zai yi daidai da kansa da ƙarin ɗaya? Sai ka ce masa wannan alamar ba "daidai da" take nufi ba, cewa take a ɗauko abin da ke cikin kwano, a ƙara ɗaya, a mayar cikin kwanon. Musayar abin da ke cikin mazubi biyu kuwa, wadda ke kayar da rabin aji, da kofi nake koyar da ita: ga zoɓo a wannan, ga kunun aya a wancan, sauya musu wuri ba tare da ka gauraya ba. Ba a minti ɗaya wani zai ce, "Malam, ai sai da kofi na uku." Shi ke nan, ya gane, kuma ba zai sake mantawa ba.

A ƙarshen Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito, zangon karatu na gaba jingar da nake karɓa ta zama tsaf kamar an goge ta da dutsen guga, har da bayanin kowane layi da Turancin da ya fi na mai miƙowa. Wasu abokan aikina sun ce a haramta. Ban bi su ba. Na san abin da ake nufi da a maƙale da biyun dare ba wanda za a tambaya, kuma ga abu mai haƙuri, ba ya tsawa, ba ya yi wa kowa dariyar Turanci, ba ya sa a yi da yarinya. Damuwata ɗaya ce, in ka ce masa ya ƙi yi, sai ya miƙo maka wanda ya yi, sai fa in kai ka roƙe shi ya ja ka a hankali. Mai koyo kuwa bai san ya roƙi hakan ba, shi dai gobe ce ranar miƙawa.

Saboda haka na koma wa fensir. Duk wanda ya miƙo jinga sai ya zo ofis ya zauna minti biyar, in sauya layi ɗaya in tambaye shi me zai faru. Makon jiya wata 'yar aji biyu ta zo da shirin Python mai tara makin ɗalibai biyar, yana aiki lafiya lau. Na mayar da farkon zagayen daga 0 zuwa 1, na ce ta faɗa mini jimlar ba tare da ta taɓa waya ba. Ta yi shiru, ta ce, "Malam, wallahi ba ni na rubuta ba." Na ce na sani, ba shi na tambaya ba. Na zana mata jadawali mai gida uku a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, na miƙa mata fensir. Ta bi zagaye na farko, ta goge, ta sake. A na uku ta tsaya, ta ƙirga da yatsa, ta ɗago kai ta ce, "Ashe daga sifili yake fara ƙirga. Kun sa ya tsallake mutum na farko." Ta tambaya ko za ta iya tafiya da takardar, akwai ƙawarta a ɗaki da abin ya ɗaure wa kai. Na ce ta ɗauka har da fensirin. A baranda mutum goma sha ɗaya ne ke jira, kowa da wayarsa a hannu, na buɗe durowa na ɗauko wani fensirin na ce na gaba ya shigo.