Murjani

murjani (suna, namiji, daga Larabci): jan dutsen ado da matan Gusau, Tsafe da Bunguɗu suke ratayawa a wuya. Dutse dai a baki kawai, domin ƙashi ne na wata ƙaramar dabba mai rassa a Bahar Rum, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus zuwa Kano. Ko za a iya kiwon dabbar a Zamfara, nesa da teku? Masu kiwon danginta cikin akwatin gilashi za su ce ai gishiri ake haɗawa da ruwa, ba sai teku ba. Haka ne, amma gishirin ne mai sauƙi. Dabbar tana bukatar ruwa mai motsi dare da rana, zafi kuma yana kashe ta. A bazarar Zamfara, da an ɗauke wuta famfo da na'urar sanyaya ruwan sun tsaya.