Yadda Majami'a Ta Haifi Matakai Goma Sha Biyu

A shekarar 1933 Amurka ta soke dokar haramta giya, bayan shekaru goma sha uku ana gwada ƙarfin hukuma a kan kwalba. Dokar ta rufe gidajen giya, amma ƙishirwar tana nan. Likitoci ba su da abin yi wa wanda giya ta kama illa su kwantar da shi 'yan kwanaki su sallame shi, mutanen gari kuwa lalatacce suke ɗaukarsa. A wannan gurbi ne wata ƙungiyar Kirista ta shigo, ba da niyyar yin magani ba.

Frank Buchman, fasto na ɗarikar Lutheran daga jihar Pennsylvania, shi ya kafa ta a 1921, daga baya aka san ta da Ƙungiyar Oxford. Koyarwarta ita ce mutum ya miƙa ransa ga Allah, ya furta zunubansa a gaban wani, ya biya haƙƙin waɗanda ya zalunta, ya yi shiru da safe yana neman ja-gorar Ubangiji, sannan ya kai wa wani abin da ya samu. Ana auna kowa da ma'auni huɗu: gaskiya, tsarki, rashin son kai da ƙauna, kowannensu cikakke.

A watan Nuwamba 1934, Ebby Thacher, wanda ya bar giya ta hanyar ƙungiyar, ya ziyarci tsohon abokin shansa Bill Wilson, mai harkar hannun jari a New York, ya ƙi giyar da aka miƙa masa. A Disamba aka kwantar da Wilson a asibitin Towns, hannun Dokta William Silkworth, wanda ke ganin jarabar giya cuta ce ta jiki da tunani. A nan Wilson ya yi kuka ga Allah, ya ce ya ga haske ya cika ɗakin. Bai sake sha ba har rasuwarsa a 1971.

Watannin da suka biyo baya ya yi ta wa mashaya wa'azi, babu wanda ya daina. Silkworth ya ba shi shawara ya rage wa'azin, ya fara da bayanin cutar. A watan Mayu 1935 wani ciniki ya lalace masa a garin Akron na jihar Ohio, sha'awar giya ta taso masa a otal, sai ya kira wani fasto yana neman mashayin da zai yi magana da shi. Haka aka haɗa shi da Dokta Bob Smith, likitan tiyata. Smith ya shekara biyu yana halartar taron Oxford, yana addu'a, yana kuma sha. Abin da bai taɓa samu ba shi ne wanda ya san ciwon daga ciki. Ranar 10 ga Yuni 1935 ake lissafawa a matsayin ranar da ya yi shan ƙarshe, kuma ita ce ranar haihuwar Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu ɓoye suna.

Zaman ɗa da uwa bai daɗe ba. Ma'aunan nan huɗu sun yi wa mashaya nauyi. Oxford tana son shela, su kuwa sirri suke so. Mabiya Katolika suna ɗari-ɗari da ƙungiyar Furotesta. Ga kuma yabon da Buchman ya yi wa Hitler a 1936 a matsayin garkuwa daga kwaminisanci. Reshen New York ya balle a 1937, na Akron a 1939. Littafin da suka fitar a Afrilu 1939 ya zo da matakai goma sha biyu: an riƙe miƙa wuya, furta laifi, biyan haƙƙi da taimakon wani, amma an bar wa kowa ya nemi Allah gwargwadon fahimtarsa. Wilson da kansa ya ce daga Fasto Sam Shoemaker na majami'ar Calvary suka koyi ginshiƙan tafarkin.

Kiristoci ba su janye hannu ba. A 1939 Sista Ignatia ta fara karɓar mashaya a asibitin St. Thomas na Akron a matsayin majinyata. A 1991 majami'ar Saddleback a California ta kafa Celebrate Recovery, ta mayar da sunan Almasihu cikin matakan ƙarara, domin wasu na ganin an tsinka asalin da ruwa.

A 2020 masu bita na Cochrane suka tattara bincike 27 da ya shafi mutane fiye da 10,000. Sun gano cewa shirye-shiryen da ke shigar da majinyata wannan tafarki sun kai sauran hanyoyin jinya, wani lokaci ma sun fi su, wajen barin giya ɗungurungum. Masana da dama na danganta hakan da sauya abokan zama: mutum ya bar waɗanda yake sha da su, ya samu waɗanda za su ɗaga wayarsa idan sha'awa ta taso, kamar yadda aka ɗaga ta Wilson a Akron.