Koyar da Sana'a da Kasuwanci a Makarantun Boko: Tarihinsa a Ƙasar Katsina

Darasin dogaro da kai, wato koya wa ɗalibi yadda zai kafa sana'a ya riƙe ta, an daɗe ana gwada shi a makarantun boko na Arewa. Kafin bokon ma, a garuruwa irin su Wurma, Kurfi da Dutsin-Ma, yaro kan koyi ƙira, saƙa, dukanci ko fatauci a hannun mahaifinsa ko maigidansa. In ya ƙware, maigida ya sallame shi da ɗan jari.

A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, har da sashen sana'o'in hannu. Sai dai hankalin Turawa ya fi karkata ga samar da malamai da ma'aikatan En'e, kuma a kan haka aka kafa Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Tun daga nan iyaye suka ɗauka ɗan boko ɗan albashi ne.

Babban yunƙurin gyara ya zo da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Aka sayo injunan kafinta da na ƙarfe daga ƙasashen waje aka raba wa ƙananan sakandare. Abin takaici, da yawansu sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, don babu lantarki, babu malamin da ya iya sarrafa su.

Da rashin aikin yi ya yi ƙamari, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin kasuwanci ga kowane ɗalibin jami'a daga zangon karatu na 2007/2008. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ta taso ne ta tarar da wannan doka. A shekarar ce kuma sabuwar manhajar babbar sakandare ta zo da sana'o'i 34, irin su kiwon kifi, ɗinki da gyaran waya, kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Hukumar jarrabawa ta WAEC ta fara jarraba su a 2014.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan aiki. A makarantun karkara da yawa, malami kan zana keken ɗinki a allo, yara su haddace sunayen sassansa don jarrabawa. Wanda ke son sana'ar da gaske, bayan an tashi sai ya wuce shagon tela, ya fara da sa maɓalli da guga da dutsen gawayi. Jarin da maigida ke bayarwa kuwa, har yanzu makaranta ba ta sami madadinsa ba.