Ƙwaron Tagulla a Gonakin Audugar Parakou da Djougou: Nazari kan Rayuwar Sphenoptera

Wannan maƙala ta bi rayuwar wani ɗan ƙwaro mai ƙyallin tagulla daga jinsin Sphenoptera, da yadda yake tsallake rani a gonakin audugar arewacin Jamhuriyar Benin.

Tsawonsa bai wuce farcen yatsa ba, jikinsa tauri gare shi, gaba da faɗi, baya ya tsuke kamar ƙwayar dabino. Da hantsi za a same shi kan ganye yana shan rana. Da zarar an kai hannu sai ya naɗe ƙafafu ya faɗo ƙasa, ya kwanta shiru kamar matacce. Danginsa, Buprestidae, sun haura nau'i 15,000 a duniya, jinsin Sphenoptera kaɗai, wanda Dejean ya raɗa wa suna a 1833, ya haura 1,000. Ƙyallin nan kuwa daga ginin ɓawon fukafukinsa yake fitowa: siraran shimfiɗu ne jere kan juna masu mayar da haske, shi ya sa ko ƙwaron ya shekara da mutuwa launinsa ba ya kodewa.

Amma manomi a kan hanyar Parakou zuwa Djougou ba ƙyalli ya dame shi ba. Abin da yake gani shi ne itacen auduga ya yi yaushi a tsakiyar damina, alhali ƙasa da danshi. In ya tsaga gindin, sai ya tarar da rami cike da garin itace, a ƙarshensa farar tsutsa marar ƙafa, mai faffaɗan gaba kamar kan ƙusa. Macen kan ajiye ƙwai a jikin ɓawo, tsutsar ta huda ta shiga, tana ci tana toshe bayanta, har ta datse hanyar da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. A cikin wannan ramin take rikiɗa, sabon ƙwaro ya huda ƙofa ya fita.

Nan ne feshi ke gazawa, domin maganin da aka tanada don tsutsar ƙwallon auduga a kan ganye yake tsayawa, wannan kuwa tana can cikin itace.

Lamarin ba ƙarami ba ne ga ƙasar da ta girbe fiye da tan 700,000 na auduga a kakar 2020 zuwa 2021. Amurka ta ga irin ɓarnar da dangin Buprestidae ke iya yi: Agrilus planipennis, da aka gano a jihar Mishigan a 2002, ya kashe miliyoyin itatuwa.

A ganin mai wannan nazari, rani ne ya fi cancantar a sa wa ido. Itacen audugar da aka bari tsaye bayan tsinka, ko aka tara a bayan gida don girki, shi ne mafakar ƙwaron har ruwan fari. Tuge shi da ƙone shi kafin shuka tsohuwar ƙa'ida ce a noman auduga, sai dai makamashi na da tsada, kuma matar da ta tara itacen tana da hujjarta. Ɗaliban aikin gona na Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, za su iya tsaga itacen da aka tara a Janairu, su sake a Afrilu, su ƙirga tsutsa mai rai, don a san watan da ya kamata a ce an gama girki da shi.