Lilo: yadda yake aiki, da abin da ba ya iyawa

Duk wanda ya tashi a kwarin Majiya ya san lilo: a ɗaura igiya a reshen dogon yaro, yara su yi ta reto. Haka ma guga ke yi in ta sauka rijiya mai zurfi. Duk abu mai nauyi da aka rataya yana kai da komowa, shi ne Faransawa ke ce wa pandil. Mu dai lilo za mu ce masa.

Me ke sa shi kai da komo?

In ka ja dutsen da ke rataye gefe guda ka saki, ƙasa ce ke jawo shi. Kafin ya iso tsakiya ya samu gudu, sai ya zarce ya hau ɗaya gefen, ƙasa ta sake jawo shi. Iska ce ke rage masa ƙarfi har ya tsaya.

Abin mamaki, muddin reton ba mai faɗi ba ne, tsawon igiya ne ke yanke lokacin da zai ɗauka. Ko dutsen kilo ɗaya ne ko biyar, duk ɗaya. Masani Galileyo na Italiya ya yi rubutu a kan haka tun 1602. Igiya mai mita 1 tana zuwa ta dawo cikin sakan 2, mai mita 4 cikin sakan 4, mai mita 25 cikin sakan 10.

Auna rijiya ba tare da mita ba

Wannan lissafi zai yi mana amfani. A ɗaura dutse a siririyar igiya, a zura har ya taɓa ruwa, a ɗan ɗago, a ɗaure igiyar a itacen bakin rijiya. A kaɗa a hankali, kada ya bugi bango. Da agogon salula a ƙirga zuwa da dawowa sau 10, a raba lokacin gida 10. Abin da aka samu a raba biyu, a ninka shi da kansa. Misali sakan 8: rabinsa 4, 4 sau 4 kuwa 16. Ke nan daga baki zuwa ruwa kusan mita 16 ne.

Sauran ayyukansa

In lilo ya tsaya cak, igiyarsa tana miƙewa sak zuwa ƙasa. Shi ya sa magina ke rataya ɗan ƙarfe a zare don su ga ko gini ya karkace, masu ginin rijiyar siminti ma haka.

A 1656 Kiristiyan Huygens, mutumin Holan, ya ƙera agogo mai lilo. Wanda ke da irinsa a bango ya lura: da bazara ƙarfen lilon kan ɗan ƙara tsawo saboda zafi, sai agogon ya riƙa yin baya. Maganinsa a murɗa ƙaramin noti da ke ƙasa, a ɗago nauyin sama kaɗan.

A 1851 kuma Leon Foucault ya rataya ƙarfe mai kilo 28 da waya mai mita 67 a ginin Panteyon na birnin Paris. Jama'a suka ga layin reton yana juyawa sannu a hankali, shaidar cewa duniya ce ke juyawa. A Paris zagayen kan cika cikin awa 32 ko kusa. Da a Madawa aka rataya shi, sai ya ci kwana 4 da ƴan awoyi, don mun fi su kusa da tsakiyar duniya.

Batun neman ruwa

To, ga inda muke so a saurara da kyau. A ƙasar Adar, daga Keita zuwa Buza, ruwa kan yi nisa, dutse kan tare mahaƙa. Sau da yawa kuɗin rijiya gumin ƴan ci-rani ne daga Abijan, Legas ko Libiya. Akwai masu yawo da lilo ko sanda, suna cewa yana nuna musu inda ruwa yake.

Tun 1833 masanin Faransa Chevreul ya ba da labarin gwajin da ya yi da hannunsa. Yana riƙe da lilo, yana ta kaɗawa kamar da kansa. Da aka rufe masa ido, sai ya tsaya. Ashe hannun ne ke ɗan motsi, mai shi bai sani ba. Saboda haka mai lilon zai iya kasancewa da zuciya ɗaya yake aikinsa, kuma wani lokaci ya dace, musamman a fadama inda ruwa ke kusa ko'ina. Amma igiya da ƙarfe ba su jin ruwan da ke ƙarƙashin dutse.

Kafin a sa diga, a tuntuɓi ma'aikatan ruwa na gunduma, a tambayi tsofaffin mahaƙa zurfin rijiyoyin maƙwabta da irin ƙasar da suka ratsa. Ƴan uwa da ke waje, ku ma ku tambaya kafin ku aiko: wa ya zaɓi wurin, kuma da me ya auna?